Anti Shafa da Rediyon da ke Jin Bugun Zuciya

Anti Shafa ta rasu.

Ina tsugune a madafa da safen nan ina dama wa maigidana kunu wayata ta yi ƙara. Lambar Anti ce. Har na fara murmushi, ina jiran in ji ta ce, "Ke 'yar littafi, kin tashi ko kina can cikin mafarki?" Sai na ji muryar ɗiyarta Zulai. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya Nafisa, Mama ta tahi."

Na ce ta tafi ina?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe zazzaɓi ta kwanta da shi a Bunguɗu, ta hana kowa ya faɗa mini, wai ina da nawa majinyacin, kada a ƙara mini kaya.

Yawancinku da kuke bin shafin nan kun san ni ne da surutun littattafan soyayya, wace jaruma ta yi wauta, wane jarumi ya cancanci mari. Ba ku san Anti ba. Ba ku kuma san dalilin da ya sa na yi ɗif tun bara ba. Yau zan faɗa, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Da aka kawo ni Gusau daga Tsafe ina amarya, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Ta girme ni nesa ba kusa ba, sa'ar mahaifiyata ce. A asibiti take aiki, amma ba nas ba ce, na'urorin asibiti take gyarawa. Jakarta ba hoda ba turare, sai sukundireba da guntayen waya.

Ranar da muka fara haɗuwa, kukana ta jiyo ta kan katanga. Ta faɗo gidan ko takalmi babu, ta ɗauka duka ake yi mini. Ta same ni a tsakar ɗaki, littafi a cinya, hanci ya kumbura.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na nuna mata shafin.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yanzu don Allah mamacin na takarda ne? Ni kin sa na bar miyata bisa wuta don mutumin takarda?"

Washegari ta turo mini kwali cike da littattafan da ta karanta tana budurwa, bango duk ya yage, wasu gara ta ci gefensu. Tun daga nan na zama 'yar littafi.

Shi kuwa maigidana Malam Shiru take ce masa. Malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Wonaka da Magami, kuma magana ba ta dame shi ba. Ni da na zo gidan aure da kunne a buɗe ina jiran irin kalaman da nake karantawa, sai na samu mutumin da zai shigo ya ajiye mini rake a gefen gado ya fita. Shi ya kafa mini katakon da nake jera littattafai, bai ce komai ba, ni ma sai ganinsa na yi a bango. Wata rana na tsare shi na ce ya faɗa mini da bakinsa ko yana sona. Ya ce, "To in ba haka ba, mi nika yi nan?"

Na kai ƙararsa wurin Anti. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke kin samu mai rake kina neman mai baki."

Da daminar bara motar kaya ta ture shi a hanyar dawowa daga Magami. A kai ya bugu, kafaɗa ɗaya kuma ta karye.

Ya rayu. Idonsa yana buɗewa, yana haɗiye kunu in an ba shi a hankali. Iyakarta ke nan. Ba magana, ba motsi, in ka kira sunansa idon ba ya juyowa. Likita ya ce mana gaskiya, ba su san abin da yake ji ba, ba su ma san ko yana ji ba. Aka sallamo mu gida. Mahaifiyarsa, Inna, ta baro ƙauye ta dawo wurinmu muna jinya tare.

Daga ranar ban sake jin Anti ta ce Malam Shiru ba. Sai dai ta ce "mutuminki".

A lokacin ta riga ta yi ritaya ta koma Bunguɗu. Wani hantsi sai ga ta a bayan kabu-kabu, rungume da wani abu naɗe cikin zane kamar jariri. Ta kwance a tsakar ɗaki. Tsohuwar rediyo ce mai gidan kaset biyu, irin wadda na daina gani tun ina ƙarama. Wata doguwar waya ta fito daga bayanta, a ƙarshenta an ɗaure abin maƙale shanya na katako, da 'yar jar fitila a cikinsa.

Inna ta ce, "Hajiya, wanga kuma fa?"

Anti ta zauna ta ba mu labarinsa. A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin jihar tana sabuwa, ita kaɗai ce mace a ajinsu na masu koyon lantarki. Sai mahaifinta ya samu shanyewar jiki a garinsu Kekun Waje, baki ya mutu. Mutum ne mai son kiɗa. Su kunna masa kaset ya yi ta juyawa har ya ƙare, ba wanda ya san ko daɗi yake ji ko so yake a kashe. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ciro 'yar fitilar daga wata matacciyar na'urar asibiti, ta haɗa da rediyon gidansu. In an maƙala wa mutum a yatsa, fitilar tana jin bugun jininsa. Zuciya na tafiya a hankali, gidan kaset na hagu ne ke yi, gangar noma ƙasa-ƙasa don kada ya nutse. Zuciya ta fara gudu, sai ka ji ƙas, na hagu ya tsaya, na dama ya ɗauka, busar sarewa, har sai ta lafa.

Sarewar ita ta ɗauko da kanta, a bakin wani makiyayi a bayan garinsu. Ta ce da ta mayar masa ya ji busarsa tana fitowa daga akwati, dariya ya yi ta yi har ya zauna ƙasa, shanun kuwa duk suka ɗago kai. In ka kasa kunne da kyau, akwai kukan saniya a tsakiyar kaset ɗin.

Inna ba ta saki fuska ba. Ta ce, "Kiɗi bisa kan marar lahiya? Ku sa mai karatu mana."

Anti ta ce, "Inna, karatu shi ne gaba. Amma wanga abu katsewa shikai, ba ya da ladabi. Ba ni bari ya yanke aya tsakiya. A sa mai karatu da sahe ga waya, a bari sura ta kai ƙarshenta. In hantsi ya yi mu ba rediyo dama."

Inna ta ce, "To, kin yi hankali."

Ƙanin maigidana da ke wurin ya ce ai yanzu akwai agogon hannu da ke yin wannan, yana auna zuciya ya zaɓo maka waƙa a waya. Anti ta ce ta sani, ta ma gwada na Zulai. Ta ce, "Wancan don masu gudu anka yi shi, yana son ka yi tsalle ya ƙara maka wuta. Mu namu kwance yake. Kuma in data ta ƙare, shi ke nan ya kurumce."

Ta maƙala masa a yatsa. Ganga ta fara. Muka zauna muna kallonsa, ba abin da ya sauya.

Da lokacin juya shi ya yi, don kada bayansa ya yi gyambo, ni da Inna muka kama. Muna ɗaga kafaɗar da ta karye, sai ƙas. Sarewa.

Muka tsaya cak. Muka kwantar da shi. Sarewa ta yi ta busawa, saniya ta yi kukanta, can sai ƙas, ganga ta dawo.

Inna ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yana ciki. Wallahi ɗana yana ciki."

Tun ranar haɗarin ba wanda ya ba mu abin da ya kai wannan. Muka koyi ta wane gefe za a juya shi bai wahala ba. Muka gane ruwan wanka in ya cika sanyi ba ya so. Mutumin da ba ya iya ɗaga gira, ga shi yana sauya kaset.

Anti ba ta taɓa zuwa hannu sake ba. Yau batir, gobe hoce mai zafi a cikin kwano. In kaset ya cinye zare, ta zauna da biro tana naɗewa tana ba Inna labarin mutanen da. Akwai ranar da ta kore ni daga ɗakin, ta ce in je in yi kitso, wai kaina ya zama kamar sheƙar tsuntsu, in mutumina ya farka ya gan ni haka zai koma.

Ita ce kuma ta ce in riƙa karanta masa. Na ce ai ba ya son littattafaina, tatsuniyar mata yake ce musu. Ta ce, "To yanzu ya gudu mu gani."

Na ɗauko ɗaya, na zauna a bakin gadon, ganga na yi ƙasa-ƙasa. Ban gama layin farko ba.

Ƙas.

Na yi shiru, ganga ta dawo. Na ci gaba. Ƙas.

Na kira Inna na ce ta yi masa magana. Ta yi ta yi, har da kirarinsa na yarinta. Ganga ba ta tsaya ba. Ƙaninsa ya zo ya ba shi labarin ƙwallo kaf. Ko gezau. Na buɗe baki na ce, "Sannu."

Ƙas.

Ku da kuka san ni, kun san abin da na yi da wannan. Na fita tsakar gida ina kuka ina dariya. Abin da na yi ta roƙo da baki ban samu ba, ga shi rediyo ta faɗa mini. Na ce ko a littafi ban taɓa karanta irin wannan ba. Na kira Anti ina haki.

Ba ta taya ni murna ba. Ta ce, "Nafisa." Ba ta kiran sunana sai magana ta yi nauyi. "Sau nawa kika jin ƙas in ba ke ba?"

Na ce in an juya shi.

Ta ce, "To kin gani. Fitilar nan gudu kawai ta sani. Ba ta san ko murna ta kore shi ba ko azaba. Ni ba ni yi maki ƙarya don ki ji daɗi."

Na kashe wayar. Kwanaki ban ɗauki kiranta ba. Ita kuwa sai ga ta da kwanon hoce kamar ba a yi komai ba.

Amma maganar ta riga ta shiga. Abu biyu ne kacal a duniya ke sa zuciyar maigidana gudu. Azaba, da ni.

Mutum ne da bai taɓa son a gan shi a kwance ba. Ko zazzaɓi yake yi sai ya ɗaura rawani ya fita. Yanzu ni nake goge masa jiki, ni nake sauya masa shimfiɗa. Wa ya sani ko duk lokacin da ya ji muryata kunya ce ke cin sa, yana ihu a ciki in fita, ni kuwa na gyara zama ina karanta masa labarin masoya?

Ana haka Kawu Sani ya zo daga Tsafe, ƙanin mahaifina, wanda ya ba da aurena. Ya zauna a ɗakin ya ga an juya shi, ya ji ƙas. Ya ga na gaishe shi, ya ji ƙas. Da muka fito zaure ya tsayar da ni.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ban yi boko ba. Amma abin da ni gani, kukan da yaron ga ya yi ma ciwo shi ya yi maki. Ke kina ƙonewa, shi ba ya hutawa. Wa anka taimaka?"

Na ce, "Kawu, so ne."

Ya ce, "Allah shi sa. Kin tabbata?"



Ya ce ba zai tilasta ni ba, aure ba ya rabuwa sai ni na buɗe baki a gaban alƙali. Amma bayan Babbar Sallah dangi za su zauna, yana so in zo da magana ɗaya. Abin da ya fi karya ni, Inna ma ba ta riƙe ni ba. Ta ce, "Ke yarinya ce, Nafisa. In kin tahi ban riƙe ki da komi ba."

Ni ba tafiya nake so ba. Ko shekara nawa ne zan zauna. Amma in zamana azaba ce gare shi, da wane ido zan zauna?

Wannan tambayar na kai wa Anti, ita kaɗai ce ba ta ce mini "ki yi haƙuri" ba. Ta ce a ba ta lokaci. Akwai abin da take tunani. Ɗamara ce za ta ɗinka a ɗaura masa a ƙirji, mai jin numfashi. Ta ce ta lura tun a kan mahaifinta, mai jin ciwo riƙe numfashi yake yi, ya sake shi guntu-guntu, wanda ya ji abin da yake so kuwa ja yake yi ya sauke. In aka haɗa numfashi da bugun zuciya, wataƙila a bambance. Sai ta ƙara wa rediyon wata fitila, kore ko ja.

Ta ce, "Wataƙila fa, ban ce tabbas ba. Kuma in ta nuna ja, ja zan ce maki."

Na ce na yarda.

Zuwanta na ƙarshe, awon ƙirjinsa ta zo yi. Ta manta tef ɗin awo a gida, sai ta cire gyalenta ta zagaya masa, ta ƙulle bakin inda ya tsaya. Ta dube shi ta ce, "Malam, ka rame. Matarka ba ta iya kunu ba ko? Faɗa mani, ba ni gaya mata."

Ta ci tuwo a gidanmu ranar, ta ce miyar ta yi gishiri, ta kuma ƙara. Na lura tana yawan dafe goshi, na tambaya, ta ce rana ce. Ta ce ranar zaman dangi da ita za a je, a gaban mota za ta zauna da rediyonta a cinya, ta ga wanda zai hana ta magana.

Na raka ta bakin titi. Na ce, "Anti, ko in daina shiga ɗakin har ki gama?"

Ta riga ta hau kabu-kabu. Ta sa ya tsaya. Ta ce, "Kul. Ki shiga, ki karanta mai. Ko haushinki yaka ji, ai jin haushi ma ji ne. Kada ki bar shi da ganga kaɗai."

Ta tafi gyalenta da ƙulli a baki.

Ɗazu da na samu natsuwa na sake kiran Zulai. Na yi mata gaisuwa, sannan na yi abin kunya, na tambaye ta ɗamarar, alhali ko ɗaukar gawar ba a yi ba. Ba ta ji haushi ba. Ta ce tana kan teburin Mama. An ɗinke rabi, wayoyi na reto, ba a haɗa su da komai ba. Mama ba ta zana komai a takarda, a kanta take ajiyewa. Ta ce, "Yaya, ko na kawo maki, ban san wanda zai gane ta ba."

Ni ma ban sani ba. Masu gyaran rediyon da na sani duk sun koma gyaran waya.

Sallah kuwa ta matso. Raguna sun fara cika bakin titi.

Yau ban kunna masa rediyon ba, ban ga dacewar kiɗa a gidan nan ba ranar da ake binne Anti. Na cire masa abin daga yatsa. Na zauna a bakin gadon, ɗakin tsit, na kama hannunsa na faɗa masa. Na ce Anti Shafa ta rasu. Na ce yanzu daga ni sai kai, in kana so in tafi ka nuna mini, in kana so in zauna ka nuna mini, na gaji da tambayar akwati.

Na ji bugu a ƙarƙashin yatsana, da ƙarfi, da sauri.

Na daɗe a haka kafin na duba hannuna. Da babban yatsa na danne masa jijiya. Babban yatsa kuwa yana da nasa bugun. Ban sani ba ko zuciyarsa na ji ko tawa.

Anjima za mu kama hanyar Bunguɗu ni da ƙaninsa, Inna za ta zauna da shi.

Ya Allah, ga baiwarka Shafa'atu ta zo gare ka. Ta yi rayuwarta tana kasa kunne ga waɗanda ba su da bakin magana. Ka saurare ta a ranar da nata bakin ba zai amfane ta ba. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka haɗa ta da mahaifinta a Aljanna. Ka ba Zulai da 'yan'uwanta haƙurin da ni yau ba ni da shi.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce. Ba sai ka rubuta mini komai ba. Ka ajiye wayar, ka karanta mata Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunanta.

In da saura a bakinka, ka sa da ni. In ni ce ciwon bawan Allahn nan, Allah ya ba ni ƙafar tafiya. In ni ce sauƙinsa, Allah ya ba ni bakin da zan tsaya a gaban Kawu ni kaɗai.

Amin.